Rasuwar Malama Faranti a Duron Gumi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har tana tumbatsa, ni Datti Tambaya, manomin rani a ƙasar da ke tsakanin Kura da Bunkure, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba ma gaisawa da su, rasuwar Malama Faranti. Ni ya kamata in yi wannan sanarwa, domin ni na riga kowa ganinta. Kafin mai unguwa, kafin hedimasta, kafin yaran da yau suke share hawaye suna cewa tasu ce, idona ne ya fara sauka a kanta a bakin kanal, ranar da aka zaro ta daga jaka sabuwa fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Duk wanda ya ce ya riga ni, a tambaye shi launin jakar.

Ban taɓa shiga aji ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ɗana Hambali ne ke riƙe da biro, ni ke riƙe da magana. Na gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi wa harshena kwalliya.

Wannan rasuwa abu biyu ta zo ɗauka a gidana. Ta ɗauki marigayiya, ta kuma so ta ɗauki karatun jikata Saliha, 'yar Hambali, wadda a hannun marigayiya ta koya. Na farkon mun haƙura. Na biyun ne ban yarda a rufe shi ba.

Ga wanda bai san marigayiya ba, kwamfuta ce irin wadda ake riƙewa a hannu. Ta fi waya faɗi, ba ta kai farantin tuwo ba, amma yara suka raɗa mata Faranti, sunan ya bi ta. Ni na ƙara mata Malama, don ban ga dalilin da za a kira mai koyar da 'ya'yan mutane gatsal ba. Fa'iza ce ta kawo ta, 'yar Malam Usaini mai injin casar shinkafa, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kano. Ita da abokan aikinta suka ƙera wani wasa mai labari, suka zuba a cikin marigayiya, don yaro ya riƙa wasa yana karatu bai san karatu yake yi ba. Ta zo gwada shi a wurin yaranmu. Ta sauka daga mota tana neman hanyar makaranta, Allah ya haɗa ta da ni ina ba tumatir ruwa.

"Baba, sannu da aiki," in ji Fa'iza. "Ko za ka taɓa nan ka gani?"

Na goge hannu a riga, na taɓa. Marigayiya ta yi wannan ƙarar tata mai daɗi, tilin-lin, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, yaro na gari."

Yaro na gari. Ni. Ni da na san ƙasar nan tun babu ruwan dam ɗin Tiga, sai a zuba wa sama ido. Ni da motar tumatir ta kife da ni a hanyar Garun Mallam, aka zaro ni daga ƙarƙashin kwanduna jajir, mutane na salati sun ɗauka jini ne, na tashi na karkaɗe jiki na tambayi inda hulata take. Ni da tsargiya ta kama ni, ta gaji don kanta ta sake ni. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin ƙasar nan kaf, maza suka kwanta da hawan jini, ni gari na wayewa na shuka albasa. Tun da gemuna ya yi fari babu mahalukin da ya kira ni yaro ya wanye lafiya. Ita ta kira, ta wanye lafiya. Daga ranar na san mace ce mai zuciya.

Sai dai gaskiya ko a gaban gawa a faɗe ta: da ta zo, ba ta san ƙasa ba. Takan nuna wa yara wata dabba mai gashi buzu-buzu ta ce su ƙirga 'ya'yanta, dabbar da yaranmu ba su san ko yankawa ake yi ko gudu ake yi ba. Na kira Fa'iza na ce, yarinya, malamar nan taki baƙuwa ce, ki bari in yi mata tarbiyya. Ki cire dodon nan ki sa agwagwa. Ki sa kwandon tumatir, ki sa kanal, ki sa ƙofar ruwa. Yaron da aka goya shi a bakin ruwa, ta ruwa za ki kama shi.

"Ai abin da ya kawo ni ke nan, Baba," ta ce. "Jiya ma 'yan aji biyu sun ce in sa agwagwa."

"A bakina suka ji," na ce.

Ta yi dariya ta koma Kano. Da ta dawo, marigayiya ta zama 'yar gari. Labarin da ke cikinta ya koma na wata agwagwa da aka sako ruwa daga dam ya kwashe mata 'ya'ya bakwai, kowanne ya maƙale a bayan wata ƙofar ruwa. Yaro ne zai raka uwar nema. Shi zai zaɓa: a bi babbar kanal, ko a yanke ta gonar albasa? A tsaya a taimaki kwaɗon da ya faɗa rami, ko a wuce? In ka taimake shi, can gaba sai ya nuna maka gajeriyar hanya. In ka wuce shi, za ka same shi a gaba yana hararar ka. Kowace ƙofa kuma da sarkinta, ba ya buɗewa sai yaro ya karanta abin da ke rubuce a jiki, ko ya warware lissafi.

To, wa ye Sarkin Ƙofa? Fa'iza ta zaga gari tana neman murya mai kwarjini. Ta gwada mai shelar kasuwa, ta ce yana firgita yara. Ta gwada wani malamin makaranta, ta ce yana sa su barci. Ta zo ta zauna a zaurena ta ajiye mini waya a gaban baki. Duk yaron da ya taɓa jin an ce, "Wa ke buga mini ƙofa da tsakar rana? Karanta, in buɗe," to, ni ya ji. Har Bunkure yara suna nuna ni a kasuwa. Ban nemi wannan suna ba, shi ya nemo ni.

Marigayiya mace ce mai kyawawan halaye. Ba ta taɓa ɗaga bulala ba. Ba ta taɓa aiken ɗan wani ɗebo mata ruwa ba. Abincinta rana, a jingina ta da ɗan faifan sola ta ci ta ƙoshi, ba ta taɓa cewa miya ta yi gishiri ba. Babban halinta kuwa shi ne ta san kowane yaro da cikinsa, yadda mai ban-ruwa ya san fangalin da ke shanye ruwa nan take da wanda ke riƙewa. Suhaibu ɗan maƙwabcina, mai kai kamar wuta, wanda ke gama aikin aji ya hau tsokanar jama'a, ita ta yi maganinsa. Duk ya amsa sai ta ƙara masa nauyi, ya amsa ta ƙara, har na ga yaron nan yana gumi yana ƙirga da yatsun ƙafa. Wanda kuma ya kasa, ba ta taɓa cewa ka faɗi ba. Sai ta ce, "Mu sake bi ta wata hanya." Ta ɗauke shi ta kewaya da shi ta inda ƙofar ta fi sauƙi, ya ƙara ƙarfi, ta dawo da shi wadda ta gagare shi, bai ma lura ba.

Ni ma mun gwabza da ita, kowa ya sani. A wajen baƙaƙe ta gane da babba take magana, ta yi ta sassautawa cikin ladabi har ta koma tambayata in nuna mata wacce ce agwagwa, na nuna mata ba tare da jinkiri ba. Amma a lissafin kwanduna, sai da ta kawo mota uku da tirela, na sauke mata su da ka. Mun tashi kunnen doki. Ita ce kaɗai a ƙasar nan da za ta iya faɗin haka.

Yanzu in zo kan Saliha. Jikata tana da i'ina. Maganar tana nan cike a cikinta, amma takan tsaya a bakin kalma kamar ruwan da ya tarar da toshiya. A aji, in aka ce ta karanta, kafin ta fito da harafin farko wani ya riga ya ƙarasa mata, sauran su kwashe da dariya. Ta daina ɗaga hannu. Daga baya ta daina ɗaga kai. Har aka fara cewa yarinyar ba ta da ƙwaƙwalwa, a gabana, ni da ta gado.

Ranar farko da ta zauna da marigayiya, abin bai yi kyau ba. Ƙofa ta ce karanta, Saliha ta buɗe baki, kalma ta maƙale, marigayiya ta ce, "Ban ji ba, sake faɗa." Sau biyu. Yarinya ta ajiye ta ta shige bayan kakarta. Na aika aka kira mini Fa'iza. Na ce, in ana ban-ruwa, fangalin da ke ƙarshen gona shi ke samun ruwa daga baya. Mai hankali ba ya toshe hanya don na farko ya cika. Tsayawa yake yi a rana har ruwa ya kai. Malamarki tana da gaggawa.

Fa'iza ta kalli Saliha, ta ce ita ma ta gani, kuma bai kamata ta bari sai da yarinya ta yi kuka ba. Ta tafi da marigayiya Kano. Da ta dawo da ita, an cire mata gaggawa. In yaro ya fara kalma, sai uwar agwagwa ta zauna a bakin ƙofa ta naɗe fukafukai, ta jira. Ko za a kai la'asar, jira take.

"Baba, mu huɗu muka yi ta fama da wannan gyara, ko barcin kirki ba mu yi ba," in ji Fa'iza, da ta ji ina ba mutane labari a bakin masallaci.

"Allah ya yi muku albarka," na ce. "Amma wa ya faɗa?"

Rani biyu Saliha na zama da marigayiya a gindin mangwaron gonata bayan an tashi makaranta. Ina ba shuka ruwa, ina jin muryata daga cikin faranti tana cewa karanta in buɗe, ina jin jikata tana kokawa da kalma har ta kayar da ita, sai ƙofa ta yi ƙiiir, 'yar agwagwa ta fito tana kwak-kwak. Duk wadda ta ceto, marigayiya takan ce ta raɗa mata suna, ta rubuta da kanta. Ta ceto shida. Ta shidan sunan kakarta Hajara ta sa mata, wai don ta fi sauran faɗa. Saliha ta isa bakin ƙofa ta bakwai, wadda ba kalma ɗaya ba ce a jikinta, magana ce doguwa. Ta ce sai gobe, in ta huta. Goben ce ba ta zo ba.

Ga yadda jinyar ta kasance, don a daina ƙara mata gishiri a shagon mai shayi. Da hantsi na tafi ba masara ruwa, marigayiya na aljihun gaban rigata, zan ajiye wa Saliha ita a gindin mangwaro. Na sunkuya zan tsoma tiyo a kanal in ja ruwa zuwa gona, ta sulale ta faɗa. Ban tsaya cire hula ba. A shekaruna, na faɗa kanal a cike, ruwa ya ja ni, na ja shi, na lalubo ta a cikin laka na fito da ita a sama da kaina. Masu wankin babur a wurin sun gani, a tambaye su. Tana da rai a lokacin. Fuskarta na ƙyaftawa, ta ce tili, ba ta ƙarasa lin ɗin ba.

Na hau babur na kai ta wurin Bilya mai gyaran waya a Kura. Ya kashe ta, ya girgiza ta a kunne, ya ce, "Baba Datti, kada a kunna. A sa ta cikin shinkafa ta tsotse ruwan, jibi ka dawo da ita."

Shinkafa. A Kura, garin shinkafa, aka ce wa Datti Tambaya ya nemo shinkafa. Bilya yanzu yana cewa ɗan kwano yake nufi, na shinkafar tuwo, irin yadda mutanen birni suke yi wa wayoyinsu. Mutanen birni da mudu suke saye, dole su yi da kwano. Ni da na noma ta da hannuna, zan kwantar da malamar jikata a kwanon sha kamar ragowar abinci? Na shiga ɗakin ajiya na zaɓi buhun da ya fi kowanne cika da bushewa, shanshera sabuwar girbi, wato wadda ba a cashe ba. Na tura hannu har kafaɗa, na kwantar da ita a tsakiya, na ɗinke bakin buhu da kaina don kada yara su dame ta. Har yau ina nan a kan cewa babu marar lafiyar da ya taɓa samun gado irin wannan.

Abin da ya rage, mai ɗakina Hajara sana'arta gumi ce, kamar yawancin matan unguwarmu. A jiƙa shanshera a ruwan zafi, a turara ta a duro, a shanya, sannan a kai inji. A ranar, wani mai saye daga Madobi ya matsa mata lamba. Ina wajen taron suna a ƙauyen gaba, ta sa aka ɗauko buhun da ya fi kyau, aka farke, aka juye shi ɗungurungum cikin duro, tururi ya rufe ko'ina. Ta ce da wuta ta kama sosai ta ji wani abu ya yi fus, ta ɗauka icce ne ya fashe. Wannan ita ce maganar marigayiya ta ƙarshe.

A wajen shanya aka gan ta. Ana baza shinkafa a kan tamfol, matar Hambali ta ja ta da mataji na katako, sai ga Malama Faranti ta fito, ta kumbura, ta lanƙwashe, fuskarta ta yi fari fat.

"Malam," in ji Hajara, "wa ya ce ka ajiye malamar yara a buhun kasuwa?"

"Wa ya ce ki dafa buhun da ba ki leƙa ba?"

"Tun ina budurwa nake gumi, ban taɓa leƙa buhu don neman malami ba. Gobe sai ka sa liman a ciki ka ɗinke."

Ban ɗora wa kowa laifi ba, kuma ban karɓa daga hannun kowa ba. Wa'adi ne. Kanal ba ta ci ta ba, duro ya ci ta. Fa'iza ta ce ruwan batir ya shiga shinkafar, kada mutum ya ci, kada kaza ta ci. Haka buhu guda ya bi malama, kuma Hajara ta ce a rubuta cewa ita ma tana karɓar gaisuwa.

Saliha ba ta yi kuka ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Ta tsaya ta kalli gawar, ta shiga ɗaki. Washegari ta ce ba za ta makaranta ba. Uban ya yi faɗa, uwar ta yi lallashi, ita kuwa Saliha ta tura jakar littattafanta ƙarƙashin gado. Fa'iza ta zo da wata sabuwa, irin marigayiya sak, ta miƙa mata. Sabuwar ta yi tilin-lin ta ce, "Sannu da zuwa, yarinya ta gari. Yaya sunanki?"

Saliha ta mayar mata. Ta daɗe tana neman maganar, muka jira, ta ce, "Ba ta san ni ba."

Fa'iza ta bayyana mana cewa tun da sabis ba ya kaiwa gonakinmu sosai, duk abin da marigayiya ta sani game da kowane yaro a cikinta yake zaune: inda yake tuntuɓe, irin jiran da yake so, sunayen da ya raɗa. Ta ce wannan darasi ne gare su, za su gyara don kada a sake. Ta ce za ta iya buɗe wa Saliha ƙofa ta bakwai a sabuwar da hannunta. Saliha ta girgiza kai. Waccan wata agwagwa ce ta wasu. Tata tana cikin wadda aka dafa.

Kowa ya kawo dabararsa. Aka ce a yi mata alkawarin takalmi, aka ce a kai ta hedimasta ya yi mata nasiha. Ni ban bi tasu ba, domin rani biyu ina zaune kusa da marigayiya ina kallon yadda take aikinta. Ban taɓa jin ta ce wa yaro karatu na da amfani ba. Ɓatar masa da agwagwa take yi, ta bar shi da abin a rai, shi da kansa zai nemi ƙofa.

Sai na kira Hambali na ce babbar mace ta rasu, dole a yi sanarwa. Na zauna a tsakar gida inda kowa ke ji, na ce ya fara da waɗanda ta bari, amma wannan ɓangaren a kunne na raɗa masa. Ya rubuta cewa marigayiya ta rasu ta bar uwar goyonta Fa'iza, da yaran unguwa da ba su ƙirguwa don ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta bar Suhaibu, wanda tun rasuwarta ya koma tsokanar jama'a. Ta bar faifan sola da igiyar caji, marayu, suna rataye a ƙusa. Ta bar ƙanwarta sabuwa, mai ladabi amma ba ta san kowa ba tukuna. Ta bar kwaɗo. Ta bar uwar agwagwa da 'ya'yanta shida. Ta bar Sarkin Ƙofa, wanda ba ya mutuwa da sauƙi.

"Baba, bakwai ne fa," in ji Hambali.

"Rubuta shida."

Muka bar takardar a kan tabarma, na ɗora mata dutse, muka tafi sallar azahar. Ban ce wa kowa ya karanta ba, ban ce kada a taɓa ba.

Ina dawowa na tarar da Saliha a ƙofar zaure, takarda a hannu, ido jajir.

"Kaka," ta ce. Kalmar ta tsaya. Na zauna a dakali na naɗe hannuwa yadda uwar agwagwa take yi. Hambali ya buɗe baki zai taimaka, na taka masa ƙafa.

"Ba… ba ka sa ta ba."

"Wa?"

"Ta bakwai."

"Ai ta tafi tare da malama. Waɗanda suka rage ake rubutawa."

"Ba ta mutu ba. Ba a… ba a buɗe ba. Ruwan zafi bai shiga ba."

"To, ni ban iya rubutu ba, ubanki kuma hannunsa ya gaji. Wa ya gaya miki ma shida aka rubuta? Ko Hajara ce?"

"Ni na karanta, tsoho," ta ce, wannan karon ko tuntuɓe babu.

Ta fizge biro daga aljihun ubanta. Layin da ke biye nata ne, na hana Hambali ya taɓa shi, haka za a kwafe shi a kowace takarda:

Da 'yar agwagwa ta bakwai. Tana da rai. Tana bayan ƙofa tana jira na.

Hajara da ke leƙe daga madafa ta juya baya tana cewa hayaƙi ne ya shiga mata ido. Ba a hura wuta ba a lokacin.

Ga tsarin rakiya. Na je wurin liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na ce ni ma ban nema ba, rakiya ce kawai ta mutunci. An cire batir an ba Bilya ya kai inda ake tara irinsa, don Fa'iza ta ce kada a sa shi a ƙasar noma. Za a taru ranar Asabar bayan la'asar a wajen gumin Hajara, inda ta cika. Suhaibu zai ɗauki gawa a kan faifai, da sharaɗin ba gudu. Za a bi bakin kanal har ƙaramar ƙofar ruwa da ke kan gonata, kusa da inda ta faɗi. Daga can za a dawo da ita zaurena, a kafa ta a jikin bango a shafe gefenta da siminti, fuskarta na kallon hanya. Ba a buƙatar kuka mai ƙarfi. Za a raba ƙosai. Shinkafa ba za a dafa ba, saboda halin da ake ciki.

Amma kafin a bar bakin ƙofar ruwan, akwai aikin da marigayiya ta bari ba ta ƙarasa ba, ni zan ƙarasa mata. Abin da Sarkin Ƙofa ke faɗa a ƙofa ta bakwai, babu wanda ya taɓa jin sa a ƙasar nan, domin babu yaron da ya kai. Ni na faɗe shi a waya da bakina, yana nan a kaina. Fa'iza ta rubuta maganar ƙofar da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ta ba ni na ɓoye. Zan tsaya a kan ƙofar da sandata in tambayi wa ke buga mini ƙofa. Saliha ce za ta karanta, a gaban jama'a, har da 'yan ajinsu. Na tambaye ta ko ta yarda, ta ce in za a jira ta. Na ce za a jira.

Saboda haka a ji sharaɗi. In kalma ta tsaya mata, kowa ya tsaya. Babu mai ƙarasa mata, babu mai tari, babu mai duba agogo. Malamin da ya ji bakinsa na ƙaiƙayi ya sa ƙosai a ciki. Ko rana za ta faɗi muna tsaye, haka marigayiya take yi, haka za a yi.

Abin da ke bayan ƙofar kuwa, ba zan faɗa a takarda ba. Da can ina faɗar abin da na ga dama a rubuta, yanzu akwai mai karanta takarda a gidana. Hajara ta san abin da ke cinye mata dusa yana neman ruwan iyo kwanan nan, kuma ta yi alkawarin kama bakinta.

Na ji ana cewa a shagon mai shayi wai yarinyar ba za ta iya ba, wai faranti ne ke yi mata, wai Datti ya saba cika baki. To, mai wannan magana ya zo ranar Asabar. Kada ya laɓe a baya. Ya zo sahun gaba, ya tsaya daf da bakin kanal, inda hannuna zai kai gare shi. In Saliha ba ta karanta ba, ni da ƙafata zan shiga duron Hajara a ɗora murfi. In ta karanta, ni dai na shiga ruwan nan na fito da hulata a kai. Sai mu ga yadda shi zai fito.